Muhawara: wane tanti na mutum biyu zai iya da dajin Damagaram?

Laminu Zengu: Assalamu alaikum ƴan zaure. Shawara nake nema. Ni da abokina Basiru muna shirin fita da ƙafa a hutun Disamba, mu tashi daga Mirya mu bi ƙauyuka har tafkin Gidimuni, kayanmu duka a baya, ba mota ba jaki. In Allah ya kai mu damina kuma muna son mu leƙa duwatsun Kutus, arewa da Gure. Tanti ne ya tsaya mana. Muna son na mutum biyu, mara nauyi, kuma abin da muka haɗa jaka 90 ne. Na duba intanet har kaina ya ɗaure: wani gram 600, wani kilo 3, kowa na yabon nasa. Waɗanda suka saba kwanan daji, me ya kamata mu duba?

Ibro Liyon: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka faranta mini rai, wallahi. Nan Faransa duk bazara ina hawa duwatsun Alf, kuma abin da kowa zai faɗa maka shi ne ka rage nauyi. Abin da ba ka ji a hannu ba da safe, za ka ji shi a kafaɗa da la'asar. Na mutum biyu kada ya wuce kilo 2. MSR Hubba Hubba da Big Agnes Copper Spur duk suna wajen kilo ɗaya da rabi, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin jaka 90 nesa, don yuro ɗaya sefa 656 ne, su kuma sukan haura yuro 500. Akwai Zpacks Duplex da ake yi da yadin Dyneema, kusan rabin kilo, shi kam kada ma ka tambayi kuɗi. Da abin da ke hannunka ka nemi Lanshan 2 na kamfanin 3F UL, ɗan Sin. Kilo ɗaya da ɗan kai ne, ba ya zuwa da sanduna, da sandunan dogarawa biyu ake tayar da shi.

Mamman Gandun Daji: Ibro, sannu da hidima, amma ka daɗe ba ka kafa turke a ƙasar gida ba. Tantin da ba ya tsayuwa sai an ja shi da turaku ta kowane gefe, ina Laminu zai kafa shi? Ƙasarmu iri biyu ce. Ko dai rairayi mai laushi wanda turke ke fita da kansa, kamar tuddan da ke kewaye da Gidimuni, ko kuwa fako da dutse wanda turke ke lanƙwashewa bai shiga ba. Ku dubi duwatsun da ke bayan Birni, irinsu ne har gabas. Ni aikina ya sa na kwana a dajin Tanut, na kwana wajen Taskar, kuma abu na farko da nake dubawa shi ne: tantin nan yana tsayuwa da sandunansa shi kaɗai? In yana yi, ko a kan falalen dutse ka ɗora shi, ka ɗaura igiyoyinsa a duwatsu, ka kwana.

Ibro Liyon: Yaya Mamman, ana kafa irin nawa a rairayi fa. Sai ka ɗaura igiya a tsakiyar guntun icce, ka binne shi a kwance, ko ka cika ƴar jaka da yashi ka binne. Yana riƙewa fiye da turke.

Mamman Gandun Daji: Haka ne, dabarar tana aiki, mu ma da ita muke ɗaure igiyoyin iska. Sai dai wanda ya yini yana tafiya, magariba ta kawo kai, ga duhu ga gajiya, ka ce ya haƙa rami shida ko takwas kafin ɗakinsa ya tashi? Kuma in ɗaya ya tsinke cikin dare duka tantin ne zai faɗo musu. Mai tsayuwa da kansa in turke ɗaya ya fita sai dai gefe ya riƙa kaɗawa.

Mushe Abdu: Ku bari in sa baki da lissafi, tunda shi na iya. Laminu, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. A Disamba ma, mai tafiya da kaya a baya yana bukatar aƙalla lita 4 a yini, ban da na girki da alwala. Ke nan kowannenku zai tashi da safe da kilo 4 zuwa 5 na ruwa zalla. Bambancin tantin Ibro da wanda Mamman ke nufi bai fi gram 800 ba, in kun raba biyu kowa gram 400. Ƙaramar gorar ruwa ta fi shi nauyi. A ƙasar da ake tarar da ƙorama kowane kwari, mutum na iya faɗa a kan gram 400. Mu nan rijiya ce ke tsara tafiya. Ku fara sanin inda za ku cika gora, sannan ku dawo kan tanti.

Laminu Zengu: Mushe, na gode, ban yi wannan lissafin ba. Ashe raba tantin ake yi?

Mushe Abdu: Ƙwarai. Ɗaya ya ɗauki rufin sama da turaku, ɗaya ya ɗauki ɗakin ciki da sanduna. Kilo 2 ya koma kilo ɗaiɗai.

Baba Tela Kasuwar Dole: Salamu alaikum. Jikana ne ya karanta mini, shi yake rubuta abin da nake faɗa. Ɗana Laminu, ni ban taɓa hawa dutsen Turawa ba, amma bash da tanti da sange sun wuce ta ƙarƙashin allurata tun ba a haife ku ba. Direbobin Agadas suna kawo mini, ma'aikatan fitar daji suna kawo mini. Abu uku ne ke kashe tanti a ƙasar nan: ƙaya, rana da yashi. Ruwan sama na can baya.

Ƙaya ita ke cin gindin tanti. Tsidau yana kwance a ƙasa ba ka ganinsa sai ka durƙusa a kai. Ƙayar aduwa da ta farar ƙaya suna faɗowa su ɓuya cikin rairayi. Ƙarangiya kuwa bayan damina ta cika ko'ina, in ta kama ragar tanti, garin cire ta kake yaga ragar. Sababbin tantunan nan marasa nauyi, yadin gindinsu in ka ɗaga shi a rana kana hango yatsunka. Irin wannan dare ɗaya ya ishe shi a gonar da aka girbe gero. An taɓa kawo mini wani mai tsadar gaske, gindinsa duk ƙananan huji, allura ba ta da inda za ta kama, sai faci na manna masa.

Ibro Liyon: Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da kuke nufi yana rubuce a jikin kowane tanti, lamba ce da harafin D. Kaurin zare take nunawa: nauyin zare mai tsawon mita 9,000 a gram. 10D da 15D su ne masu shara-shara, 20D matsakaici, 40D zuwa 70D masu kauri. Na yarda, a Damagaram gindin 15D ba zai yi ƙarko ba.

Baba Tela Kasuwar Dole: To madalla, kai ka san lambar, ni na san yadin a hannu. Ko wanne suka saya, su kawo mini in yanka musu shimfiɗar ƙasa daidai gindinsa. Ba bash mai nauyi na kan mota ba, akwai mara kauri sosai. Zan rage ta da faɗin yatsu uku ta kowane gefe, don in ta leƙo waje ruwan sama zai taru a kanta ya kwanta ƙarƙashinku. Kuma kafin ku shimfiɗa, ku share wurin da reshe, ku bi da tafin hannu a hankali.

Zuwaira Lafiya: Ina wuninku. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, mukan kwana a ƙauyuka lokacin rigakafi, daga Magarya har Dungas. Maza kuna ta maganar kilo da zare, ba wanda ya ambaci sauro. Laminu, bakin tafki za ku. Ko da sanyi akwai sauro inda ruwa ke kwance, da damina kuwa ba a magana, lokacin ne asibitocinmu ke cika da masu zazzaɓin cizon sauro. Tantin da zai yi muku shi ne mai ɗakin ciki wanda ke rufewa ruf, gindinsa a ɗinke da bango, bakinsa ya ɗago daga ƙasa kamar faɗin tafin hannu. Wannan ɗagowar ita ke tsare kunama, ita ke tsare kububuwa. Takalma ma a ciki za su kwana, in kuwa sun kwana waje a kakkaɓe su kafin a sa ƙafa.

Nura Garin Malam: Ni dai gaskiya ban ga abin kashe jaka 90 a nan ba. Kakanninmu sun yi fatauci har Bilma ba su san wani zif ba. Fulani na kwana a fili da tabarma. A Disamba ruwa ba ya sauka ko ɗigo. Ku ɗauki sange mai magani da tabarma da bargo, ku rataya a icce, kuɗinku na aljihu.

Zuwaira Lafiya: Nura, da bazara maganarka tana da hanya, mu ma a watan Afrilu da Mayu sange kawai muke ɗaurawa, don wanda ya shiga tanti a zafin da ya haura digiri 40 ba zai runtsa ba. Amma hunturu daban. Daren Disamba da Janairu a fili, iskar arewa maso gabas na kaɗawa har asuba, sanyi na sauka ƙasa da digiri 15, ga ƙura. Sange ba ya tare iska. Mutanen da kake misali da su kuma suna da abin da waɗannan yaran ba su da shi: sun san dajin, suna da wuta da dabbobi da jama'a kewaye da su. Buzaye ma da suka fi kowa sanin sahara tantin fata suke kafawa, Tubawa na tabarma.

Nura Garin Malam: To Anti, in babu iccen rataya ma ai magana ta ƙare. Na ji. Amma dai kada su ci bashi a kan tanti.

Mamman Gandun Daji: Zancen ƙura da Zuwaira ta kawo shi ne inda nake son mu tsaya, don a nan ne zaɓin yake da wuya. Ɗakin ciki iri biyu ne. Akwai wanda kusan dukansa raga ne, akwai wanda yadi ne sai ƴan tagogin raga. Mai raga yana shan iska, da damina da lokacin zafi shi ne daɗi, kuma in sama ta yi garau sai ka cire rufin ka kwana a ragar kaɗai. Amma da hunturu iska na shigowa ta ƙarƙashin rufin sama, ta tace ƙura ta cikin ragar, ka wayi gari da ita a haƙori da cikin kunne. Mai yadi yana tsare ƙura da sanyi, amma a Agusta za ka jiƙe da gumi. Tunda tanti ɗaya za ku saya don lokaci biyu, ku nemi wanda rabinsa na ƙasa yadi ne, na sama raga. Kuna kwance yadin na kare fuskarku, zafi kuma na fita ta sama. In ba ku samu ba, ku ɗauki mai raga, ku juya bayansa ga iska, ku tara yashi ko jakunkunanku a gindin rufin ta wannan gefen.

Ibro Liyon: Wannan gaskiya ne. Shi ya sa ma nake janye maganar mai bango ɗaya irin na Dyneema. Ba a raba rufinsa da ɗakinsa, kuma haske na ratsa shi, rana na fitowa ya ɗau zafi.

Laminu Zengu: Yaya Mamman, ruwan sama fa? Na ga ana rubuta 1500 mm, 3000 mm, wani har 5000.

Mushe Abdu: Tsayin ruwan da ake tarawa a bututu a kan yadin ne kafin ya fara ɗiga. Rufi daga 1500 zuwa sama ya isa, gindi ya fi son 3000 don gwiwa da gwiwar hannu na matsa shi. Amma kada lambar ta ɗauke maka hankali. Ruwan Damagaram a shekara wajen milimita 400 ne, mafi yawansa daga Yuli zuwa Satumba. Ba yawansa ne abin tsoro ba, yadda yake zuwa ne. Kowa a zauren nan ya san hadarin gabas: jan bango na ƙura ya taso, iska ta riga ruwa isowa, ta kwashe rufin kwano a cikin gari balle tanti. Abin da zai tsaya wa wannan iskar sanduna ne da igiyoyi.

Mamman Gandun Daji: Sanduna kuwa na alminiyam, ba na fiba ba. Na fiba sun fi nauyi, kuma in sun karye tsagewa suke yi, tsinin ya huda yadi ya shiga hannu. Alminiyam lanƙwasa yake, a miƙe shi, in ya karye a zura masa ɗan bututun gyara a naɗe. Ku tabbata bututun na cikin jakar. Tantin ya zama gajere, ba mai tsayi ba, kuma yana da wuraren ɗaura igiya a tsakiyar bangonsa. Na taɓa kwana da abokan aiki hadari ya same mu, tantin da ke da sandunan fiba ya kwanta a kan masu shi tun iskar farko, sai cikin mota suka ƙarasa daren. Ku da ba ku da mota, ina za ku?

Abu ɗaya kuma game da Kutus. Kada ku kafa a cikin busasshen rafi don kun ga rairayinsa da laushi. Ruwa na iya sauka a kan dutse can nesa, ku ba ku ga ɗigo ba, ya iso muku cikin dare. Kan tsauni da gindin dogon icce guda ma a guje su saboda tsawa.

Alhaji Mutari: Salamu alaikum. Ni mai zirga-zirgar Kano ne ta Matamaye. Laminu, in kana so in duba maka na gwanjo, ana samunsu jefi-jefi cikin dilar kayan Turai, wani lokaci mai suna sosai a kuɗi kaɗan. Sababbin da ke yawo a kasuwa kuwa mafi yawansu masu buɗewa da kansu ne, ka jefa su tashi.

Ibro Liyon: Alhaji, mai buɗewa da kansa ba na goyo ba ne. In an naɗe shi faifai ne babba, ba ya shiga jakar baya, nauyinsa ya haura kilo 3, iska kuma na kama shi a bayan mutum.

Baba Tela Kasuwar Dole: Alhaji Mutari, in za ka ɗauko na gwanjo ka buɗe shi ka shinshina. Cikin yadin akwai wani shafi da ke hana ruwa shiga. In ya tsufa, ko ya daɗe a naɗe cikin zafi da laima, sai ya riƙa danƙo a hannu, yana wari, yana ɓarewa kamar fatar albasa. Wanda ya kai haka ba ya gyaruwa. Ka bi ɗinkin rufin ta ciki, akwai siririn tef da aka manna, in yana ɗagowa zai yi yoyo. Sannan ka ja kowane zif sama da ƙasa.

Zif ɗin nan shi ne ya fi kawo mini mutane. Yashi na shiga haƙoransa, yana cinye kan zif a hankali, wata rana ka ja ya wuce, bayansa a buɗe. Kada ku sa masa mai ko man kaɗanya, ƙara kama yashi yake yi. Tsohon burushin haƙori za ku tafi da shi ku riƙa sharewa. In ya fara buɗewa a ɗan matse kan da filaya, kaɗan-kaɗan, zai kai ku gida. Kuma wanda zif ɗinsa ƙanana ne sosai, ku bar shi.

Rana kuma, ɗana, kada ku bar tanti a tsaye ya yini. Hantsi ya yi ku naɗe. Yadin da ya sha ranar nan yakan koɗe, ya bushe, ka ja shi da yatsa biyu ya yage.

Ibro Liyon: A nan ma akwai zaɓi. Foliyesta ya fi nailan jure rana, kuma ba ya saki in ya jiƙe. Nailan in ruwa ya taɓa shi yakan yi laushi ya zubo, sai ka fita ka ƙara jan igiya. Amma yawancin marasa nauyi masu araha nailan ne mai shafin silikon, kuma in kun bi maganar Baba zai daɗe.

Zuwaira Lafiya: Ƙofa biyu, don Allah. Wanda zai fita alwalar asuba ko kama ruwa cikin dare ba sai ya tsallake ɗan'uwansa ba, kuma in kun buɗe su duka iska na ratsawa. Kowace ƙofa da ƴar rumfarta ta ajiye jaka. Kuma ku auna faɗin. Da yawa ana ce musu na mutum biyu, faɗinsu santimita 125 zuwa 130 ne, wasu ma sun tsuke ta wajen ƙafa. Katifar tafiya ɗaya faɗinta santimita 51 ne. In ku biyun masu jiki ne ku gwada kwanciya a tabarma mai wannan faɗin a gida tukuna. Abu na ƙarshe, kuma da gaske nake: kada sanyi ya sa ku shigar da gawayi ko kurfoti cikin tanti. Hayaƙin da ba a gani yana kashe mutum cikin barci, yadin kuma narkewa yake nan take.

Laminu Zengu: Anti Zuwaira, Allah ya saka. To a cikin waɗanda na gani, Naturehike Cloud Up 2 da Mongar 2 ne kuɗinmu zai iya kaiwa. Wanne?

Ibro Liyon: Cloud Up ya fi sauƙin nauyi, amma ƙofarsa ɗaya ce ta wajen kai, kuma bangonsa ya kwanto, mutum biyu ba sa zama a miƙe tare. Mongar ƙofa biyu, yana tsayuwa da kansa, sandunan alminiyam, nauyinsa wajen kilo 2. Aibinsa a wurinku raga ta yi masa yawa. Akwai kuma MT900 na kamfanin Decathlon, shi ma ƙofa biyu, ƙasa da kilo 2 kaɗan, sai dai zai haura kuɗinku. Da abin da Yaya Mamman da Anti suka faɗa, Mongar ya fi kusa. Ka ɗauki mai 20D, kada ka ɗauki mai 15D. Akwai ɗan gida da zai taho Yamai cikin Nuwamba, in ka shirya sai in saya in ba shi, ka karɓa a tashar bas.

Mamman Gandun Daji: Launi fa, Ibro. Kada ka sayo koren soja ko mai zanen kakin soja. Halin tsaron da ake ciki kowa ya sani. Baƙon tanti mai launin soja a bayan gari yana tayar da hankalin mutane, ya jawo muku tambayar da ba ku shirya ba. Ruwan ƙasa mai haske ko toka-toka ya fi, bai kuma ɗaukar zafi. Laminu, duk garin da yamma ta same ku, ku fara zuwa gaida mai gari, ku faɗi ko ku su wane ne, shi zai nuna muku inda za ku kafa. Katin shaidarku na aljihu. Kutus kuma ba za ku tashi ba sai kun biya ta wurin hukuma a Gure kun ji labarin hanya, kun samu ɗan ƙasar da zai raka ku. Na ji wasu samari na zancen duwatsun Tarmit ma. Wannan tun 2012 keɓaɓɓen gandu ne, tafiyar mota ce da izini da jagora, ba ta ƙafa ba.

Laminu Zengu: Mun ji, Yaya. Na yi magana da Basiru, Mongar mai 20D za mu ɗauka, launin toka. Yaya Ibro, zan turo kuɗin ƙarshen wata. In ya iso za mu kafa shi a tsakar gida mu kwana ciki, mu zuba masa ruwa da bokiti mu gani. Baba Tela, shimfiɗar nawa za ta ci?

Baba Tela Kasuwar Dole: Kawo shi tukuna in auna. Kada ka zo ranar Alhamis, kasuwa na cika ba na samun sukuni. Ka zo da sandunan da turakun duka, zan ɗinka muku ƙananan jakunkuna huɗu na cika yashi, in ƙara muku igiya, don wadda ke zuwa da su gajera ce.